Zan iya kai rahoton shugabana ba tare da na sa sunana ba?

Tambaya: "Ni ma'aikaciya ce a sashen kuɗi na wata ma'aikata mai mutum kusan ɗari biyu, kuma shekarata shida ke nan a wurin. Wata huɗu da suka wuce na lura ana biyan wani ɗan kwangila kuɗin kayan da ban taɓa ganin takardar shigarsu sito ba, kuma duk takardun biyan suna ɗauke da sa hannun shugaban sashenmu. Mu uku ne kaɗai muke ganin waɗannan takardu, ni ce kuma nake shigar da su a kwamfuta. Muna da akwatin ƙorafi a bakin ofishin kula da ma'aikata, akwai kuma wani shafi a intanet da aka ce ana kai rahoto ta cikinsa ba tare da suna ba. Bara wani ya jefa wasiƙa marar suna a akwatin, sai shugaban nan ya karanta ta a taro yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, bayan wata biyu aka ɗauke wani daga cikinmu aka tura shi wani reshe, har yau ba mu san ko shi ya rubuta ba. Ina da 'ya'ya, albashina ne kuma yake riƙe da gidan. Ina so in rubuta ba tare da suna ba, amma zuciyata tana ce mini wannan jifa ne a ɓoye hannu, ko ma annamimanci. Shin laifi ne? Kuma za a iya gano ni?"

Amsa: 'Yar'uwa, tambayoyinki biyu ne, kuma zan amsa su a gajarce kafin in shiga bayani. Sanar da waɗanda ke da alhakin tsare dukiyar ma'aikata abin da kika gani ba laifi ba ne, da suna ko babu suna. Amma a halin da kika bayyana ana iya gano ki, ko aƙalla a yi zarginki, kuma duk wanda ya ce miki shafin intanet zai lulluɓe ki ruf bai lura da inda kika ce ku uku ne kaɗai ke ganin takardun ba. Shawarata ita ce ki rubuta, sai dai ba a cikin wannan makon ba, kuma ba irin wasiƙar da nake kyautata zaton kin riga kin tsara a zuciyarki ba.

Bari mu fara da batun annamimanci, tunda shi ne yake hana ki barci. Annamimi yana ɗaukar magana daga wannan ya kai wa wancan ne domin ya ɓata tsakaninsu, kuma yawanci wanda yake kai wa maganar ba shi da ikon gyara komai, iyakarsa ya ƙullaci ɗan'uwansa. Ke kuwa an ɗauke ki aiki ne domin ki kula da takardun kuɗi, saboda haka abin da kika gani yana cikin amanar da ake ba ki albashi a kanta, waɗanda za ki sanar kuma su ne masu hakkin sani. Malaman da suka yi bayani a kan giba ma sun daɗe da cire kai ƙara ga mai ikon hana ɓarna daga cikin abin da aka hana. Akwai kuma wani abu da ba ki ambata ba, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi: ke ce kike shigar da takardun. Ranar da asirin ya tonu ta wata hanya, mai bincike zai fara ne da sunan da ya gani a kwamfuta, kuma tambayar farko da zai yi miki ita ce tun yaushe kika lura, me kuma kika yi. Shirunki yana da nasa farashin, ko da ba yau za a zo karɓa ba.

Duk da haka, kada ki danne ƙyamar da zuciyarki take ji, domin tana da tushe, kuma ba a kanki aka fara ta ba. Wajen shekara ta 112, wani gwamnan daular Rumawa mai suna Pliny, wanda ke mulkin Bitiniya a arewacin Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Trajan cewa an kawo masa wata takarda marar sa hannu ɗauke da sunayen mutanen da ake zargi da bin addinin Kirista, wanda a lokacin hukuma ke hukunta mutane a kansa. Sarkin, wanda ba mai goyon bayan Kiristocin ba ne, ya amsa masa da cewa kada a karɓi zargin da ba shi da mai shi a kowace shari'a, domin mummunan misali ne da bai dace da zamaninsu ba. Dalilinsa yana nan har gobe. Sa hannu a ƙasan takarda yana yin aiki biyu: yana gaya wa mai karatu wane ne ya gani domin ya auna maganarsa, yana kuma nuna cewa akwai wanda zai ɗauki nauyi idan maganar ta zama ƙarya. Idan kika cire sunanki kin cire waɗannan biyun, kuma dole wani abu ya maye gurbinsu, in ba haka ba wasiƙarki ba ta da bambanci da ta mai hassadar da ke son kujerar shugabansa. Abin da kawai zai iya maye gurbin suna shi ne hujjar da mai bincike zai tabbatar da kansa ba tare da ya nemi ganin ki ba.

Saboda haka aikinki na farko shi ne ki zauna ki raba abin da idonki ya gani da abin da kika gina a kansa. Abin da kika gani shi ne an biya kuɗi, takardar shigar kaya ba ta cikin fayil ɗin da ke hannunki, sa hannun shugaba kuma yana kan takardun biyan. Ba ki ga kuɗi sun shiga aljihunsa ba. Mai yiwuwa ana kai kayan kai tsaye wani reshe, takardun shigarsu suna can. Mai yiwuwa wani ne a ƙasa yake shirya takardun ya tura masa cikin tari, shi kuma ya sa hannu ba tare da ya karanta ba, wanda sakaci ne amma ba sata ba. Mai yiwuwa kuma abin da kike tsoro ne ɗin. Ban faɗi wannan domin in wanke shi ba, halinsa na bara bai ba ni sha'awar wanke shi ba, sai domin zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma rahoton da ya zarce abin da aka gani shi ne wanda mai laifi ya fi samun sauƙin rushewa: ya ƙaryata ƙarin da aka yi, sai gaskiyar ta bi shi ta faɗi.

Ki dubi waɗannan jimloli biyu. Ta farko: "Shugaban sashen kuɗi ɓarawo ne, ya daɗe yana cin amanar ma'aikata tare da abokinsa ɗan kwangila, kowa ya sani amma ana tsoronsa." Ta biyu: "Tsakanin watan kaza da watan kaza an biya kamfani kaza sau huɗu a kan takardu masu lamba kaza da kaza, kuma idan aka kwatanta su da littafin shigar kaya na sito ba za a ga kayan ba, ana roƙon mai binciken kuɗi ya duba." Mai karanta ta farko ba shi da abin yi da ita face ya tambayi kansa wane ne yake jin haushin shugaban, wato ta mayar da binciken kanki. Mai karanta ta biyu yana iya tashi daga kujerarsa ya buɗe littafin sito a wannan ranar, kuma da zarar ya ga giɓin da idonsa, maganar ta zama tasa, ba ya ƙara bukatar sanin wanda ya nuna masa. Ki lura ma ba a kira kowa ɓarawo a cikinta ba, don haka idan akwai bayani mai wanke shugaban, zai fito ba tare da kin ɗauki alhakin mutuncinsa ba.

Kada ki ɗauka cewa masu ma'aikata sun buɗe irin wannan hanya ne don tausayin ƙananan ma'aikata. Sun buɗe ta ne domin ita ce ta fi kama ɓarna. Ƙungiyar ƙwararrun masu binciken zamba ta ACFE, wadda ke fitar da rahoto duk shekara biyu, ta nuna a rahotonta na 2024 cewa kashi 43 cikin 100 na zambar cikin gida da aka gano, ta hanyar tsegunta labari aka gano su, fiye da abin da binciken kuɗi na ciki ko na waje ya gano, kuma sama da rabin masu tseguntawar ma'aikatan wurin ne. Dalilin a fili yake: mai bincike yana zuwa ne ya ɗauki samfurin takardu ya tafi, ke kuwa kina zaune da su kullum.

Labarin Sherron Watkins ya cancanci ki san shi, domin akwai darasi biyu a cikinsa da suka shafe ki. Tana ɗaya daga cikin mataimakan shugaba a kamfanin makamashi na Enron a Amurka, kuma a watan Agustan 2001 ta rubuta wa shugaban kamfanin, Kenneth Lay, takarda marar suna tana gargaɗin cewa yadda ake ɓoye asara a lissafin kamfanin zai iya rusa shi. Ba a daɗe ba ta bayyana kanta ta zauna da shi, domin takarda marar suna ba ta iya amsa tambaya, al'amarin kuwa yana da sarƙaƙiyar da sai an yi bayani baki da baki. Wannan shi ne darasi na farko. Na biyu ya fi ɗaci: an miƙa binciken ga kamfanin lauyoyin da shi kansa ya yi aiki a kan wasu daga cikin cinikayyar da ake zargi, duk da ta ba da shawarar kada a yi haka, an kuma nemi ra'ayin lauyoyi a kan abin da zai biyo baya idan aka kore ta. A watan Disamban shekarar Enron ya durƙushe. Bayan wannan ne majalisar dokokin Amurka ta yi dokar Sarbanes-Oxley a 2002, wadda ta wajabta wa kwamitin binciken kuɗi na duk kamfanin da ke sayar da hannun jari a kasuwar ƙasar ya tanadi hanyar da ma'aikata za su kai damuwarsu game da lissafi a asirce kuma ba tare da suna ba. Ki lura da wanda dokar ta ɗora wa nauyin: kwamitin da ke sama da shugabannin gudanarwa, domin an ga abin da ke faruwa idan ƙorafi ya koma hannun waɗanda ake ƙorafi a kansu.

Wannan shi ya sa akwatin da ke bakin ofishin kula da ma'aikata ya fita daga lissafinki. Kin ga da idonki inda wasiƙar bara ta ƙare, kuma akwatin da mabuɗinsa ke iya kaiwa ga wanda aka kai ƙara tarko ne. Shafin intanet ɗin ma kada ki amince da shi don kawai an ce ba ya neman suna. Ki nemi takardar ƙa'idojinsa, wadda yawanci tana cikin littafin dokokin ma'aikata, ki karanta ta ba tare da kin tambayi kowa ba. Wane ne yake gudanar da shi, kamfanin waje ne ko sashen kwamfuta na cikin gida? Wa yake fara karanta rahoton, kuma idan ya shafi sashen kuɗi, ana kewaye shugaban sashen ko ana tura masa ne ya yi bayani? Abu mafi muhimmanci, shin yana ba ki wata lamba ta sirri da za ki koma da ita ki ga amsa, ki kuma amsa tambayar mai bincike ba tare da ya san ki ba? Hanyar da ke da wannan lambar ta magance rabin matsalar da ta sa Watkins ta fito fili. Wadda ba ta da ita kuwa kamar jefa dutse ne a rijiya, ba za ki san inda ya sauka ba, mai binciken da ya maƙale a kan tambaya guda kuma zai rufe fayil ɗin.

Yanzu ga yadda ake gano mutum. Na'ura ita ce ta farko, kuma ita ce mafi sauƙin kaucewa. A 2017 wata ma'aikaciyar kwangila a hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA, Reality Winner, ta buga wata takardar sirri ta aika wa wata kafar labarai ta gidan waya ba tare da suna ba. Masu bincike sun lura da alamar ninki a hoton takardar, suka gane buga ta aka yi, suka duba tarihin firinta suka ga mutum shida ne suka buga ta, a cikinsu kuma ita ce aka samu ta taɓa hulɗa da kafar ta imel daga kwamfutar ofis. An yanke mata hukuncin shekara biyar da wata uku. Abin da ta yi daban yake da naki, domin ita ta fitar da sirrin gwamnati waje ne, amma hanyar da aka bi aka same ta ita ce za a bi a kowace ma'aikata. Kada ki yi amfani da kwamfutar ofis, ko intanet ɗin ofis, ko firintar ofis, ko wayar da ma'aikata ta ba ki. Kada ki haɗa rahoton da fayil ɗin da kika rubuta a kwamfutarki, domin irin waɗannan fayiloli kan ajiye sunan mai su da lokacin rubutu a cikinsu, hoton waya kuma yakan ajiye irin wayar, wani lokaci har da wurin da aka ɗauke shi. Ki rubuta bayaninki kai tsaye a cikin shafin. Kada kuma ki kwashi takardun ma'aikata ki kai gida, domin wannan kaɗai yana iya zama dalilin kora da zai rufe ainihin maganar. Lambobi da ranaku sun ishe ki, ki rubuta su a wani littafi naki da ba ya zuwa ofis.

Harshe shi ne na biyu. Mutumin da ya shekara shida yana karanta saƙonninki ya san yadda kike buɗe jimla, da kalmar da kike yawan maimaitawa, da kuskuren rubutun da ba kya rabuwa da shi, ko da bai san ya sani ba. Gajerun jimloli marasa ado, babu gaisuwa, babu karin magana, babu tarihin abin da ya yi miki, su ne suka fi ɓoye mai su.

Na uku shi ne wanda babu na'urar da za ta kare ki daga gare shi, wato abin da kika sani. Idan rahoto ya ƙunshi bayanin da mutum uku ne kaɗai suka san shi, to an sa masa hannu sau uku. A nan ne za ki yi tunani sosai a kan ta inda za ki shigo da maganar. Takardun biya ku uku ne ke ganin su, amma rashin shigowar kaya ba ku kaɗai za ku iya lura da shi ba: mai kula da sito yana iya lura, sashen da aka ce an saya wa kayan yana iya lura, mai binciken kuɗi na cikin gida ma haka. Idan kika ce a kwatanta abin da aka biya kamfani kaza a watanni kaza da littafin sito, kin nuna ƙofar ba tare da kin faɗi lambobin da ke kan teburinki kaɗai ba. Wannan yana nufin jimlar da na yaba a sama ma sai kin rage mata wani abu, kuma gaskiya ce cewa duk abin da kika rage yana rage ƙarfin rahoton. Ciniki ne tsakanin ƙarfin hujja da tsaron kanki, babu wanda zai yi miki shi, sai dai shawarata ita ce ki fara da kaɗan ki riƙe lambobin, ki ga irin tambayar da za a dawo miki da ita. Yadda aka karɓi na farko zai gaya miki ko wanda ke ɗaya ɓangaren ya cancanci na biyu.

Abu guda da zan hana ki shi ne ki yi shigar burtu, ki rubuta kamar ke ce mai kula da sito ko wani daga wani sashe. Yin shiru a kan ko ke wace ce hakkinki ne, amma jingina rubutunki ga wani zalunci ne, domin kin ɗauke dutsen daga kanki kin ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ko ba ki yi haka ba, ki sani abokan aikinki biyu za su shiga zargi tare da ke, kamar yadda mutumin bara ya shiga, kuma wannan yana cikin nauyin da mai ɓoye suna yake ɗauka. Ki saka a cikin rahoton, a jimla ɗaya, cewa an taɓa karanta wasiƙar ƙorafi a taro ana neman mai ita, kuma kina roƙon kada a miƙa wannan ga sashen da abin ya shafa. Wannan jimla tana kare ku ukun.

Kada ki yi mamaki idan duk da haka ya nemi sanin ko wane ne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma har wanda ba shi da laifi yakan ji wannan ƙaiƙayin, kuma manyan da suka san doka ma sun faɗa. A 2016 aka aika wa hukumar gudanarwar bankin Barclays na Birtaniya wasiƙu marasa suna game da wani babban jami'i da aka ɗauka, sai shugaban bankin na lokacin, Jes Staley, ya sa jami'an tsaron bankin su nemo marubucin. Ba su same shi ba. A 2018 hukumomin kula da harkar kuɗi na Birtaniya suka ci Staley tarar fam 642,430, hukumar kula da harkar kuɗi ta jihar New York a Amurka kuma ta ci bankin tarar dala miliyan 15, amma ya ci gaba da zama a kujerarsa a lokacin. Doka ta hukunta farautar ne bayan an yi ta, ba ta hana a fara ta ba, kuma abin da ya tsare marubucin shi ne bai bar sawu ba.

Akwai wata hanya ta tsakiya da nake so ki riƙe a zuciya, domin mutane kan haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: rahoton da babu wanda ya san mai shi, da rahoton da mutum ɗaya amintacce ya san mai shi ya kuma rufe. Harkar jiragen sama ta fi kowa fahimtar wannan. A watan Disamban 1974 wani jirgin kamfanin TWA ya daki dutse yana shirin sauka kusa da Washinton, mutum 92 suka mutu, daga baya aka gano cewa makonni shida kafin nan wani jirgin kamfanin United ya tsallake irin wannan kuskure da ƙyar a wuri guda, matuƙansa sun kai rahoto a cikin kamfaninsu amma labarin bai kai ga sauran kamfanoni ba. A 1976 aka kafa tsarin kai rahoto na ƙasa a Amurka, aka kuma damƙa shi ga NASA, hukumar binciken sararin samaniya, maimakon hukumar da ke hukunta matuƙa. Mai rahoto yana sa sunansa, masu nazari suna iya kiran sa idan suna da tambaya, sannan a cire sunan kafin a ajiye bayanin. Sirrin nasarar tsarin shi ne wanda ya san sunanka ba shi ne mai iko a kan aikinka ba. Idan ma'aikatarku tana da irin wannan mutum, kamar shugaban kwamitin binciken kuɗi na hukumar gudanarwa ko mai binciken kuɗi na waje, to wata rana yana iya zama ya fi miki alheri shi kaɗai ya san ki.

Dalilin da ya sa na ce haka yana da alaƙa da kariyar doka, wadda ta bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. A wurare da yawa, mai neman kariya daga ramuwar gayya sai ya nuna cewa ya kai rahoto kuma saboda shi aka cutar da shi, abin da ke da wuya ga wanda babu shaidar ya taɓa rubuta komai. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2019, ta wajabta wa ma'aikatu masu mutum 50 zuwa sama su buɗe hanyar kai rahoto, su sanar da mai rahoto cikin kwana 7 cewa ya iso, su ba shi bayani cikin wata 3, ta kuma ce wanda ya kai rahoto ba suna aka gano shi daga baya yana da kariya. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka tana karɓar rahoto marar suna, amma wanda ke son ladan da doka ta tanada sai ya bi ta hannun lauya. Dokar ƙasarki tana iya zama ba haka ba, don haka zama ɗaya da lauyan da ya san dokar ƙwadago kafin ki aika komai ba asarar kuɗi ba ce, kuma shi sana'arsa ta ɗaure shi ya riƙe sirrinki. Ki adana lambar sirrin da shafin zai ba ki da ranar da kika aika, domin ita ce kaɗai shaidarki idan ranar bukata ta zo.

Bayan kin aika, ki ci gaba da aikinki yadda kika saba, kada ki gaya wa kowa a ofis, har ƙawar da kuke cin abincin rana tare, domin sirrin da ya kai mutum biyu a ma'aikata ya kama hanyar na uku. Idan sabuwar takardar biya irin waɗancan ta zo teburinki, ki tambaya a rubuce, cikin ladabi kuma kamar yadda aikinki ya tanada, ina takardar shigar kayan. In kina ganin wannan tambaya za ta nuna ki, ki yi shawara da lauyan a kan lokacin yin ta, amma kada ki ci gaba da shigar da abin da kika san babu hujjarsa har abada. Ki riƙa leƙa shafin daga gida duk mako. Idan wata uku suka wuce babu motsi, ki sake rubutawa da lambarki, sannan ki hau sama zuwa kwamitin binciken kuɗi ko hukumar da ke sa ido a kan irin ma'aikatarku. Kada ki kai maganar zauren WhatsApp na ma'aikata ko Facebook da sunan bogi, domin can babu mai bincike, babu kariya, akwai kuma dokar ɓata suna.

Saura taron. Mai yiwuwa ya sake tara ku ya bi fuskokinku da kallo, kuma a cikin jama'a shirunki bai bambanta da na kowa ba. Abin da ya kamata ki shirya masa tun yanzu shi ne ranar da zai rufe ƙofa ya tambaye ki ke kaɗai. Ba zan ce ki yi ƙarya ba, balle rantsuwar ƙarya. Kina iya cewa, "Yallaɓai, ma'aikata ce ta buɗe wannan hanya ta kuma ce ba za a binciki mai rubutu ba, don haka ba na jin ya dace ni ko wani a cikinmu ya amsa wannan tambaya." Zai iya fassara amsar yadda ya ga dama, wannan ba zan ɓoye miki ba. Idan kin koma gida a ranar, ki rubuta ranar da lokacin da kalmomin da ya faɗa a littafinki, sannan ki shiga shafin da lambarki ki sanar da mai binciken cewa an fara neman wanda ya rubuta.